Ranar da Kawu Bawa Ya Je Bincike

Jama'a, sallama gare ku. Masu turo min saƙo kullum suna tambaya, "Sadiƙa, yaushe za mu ci shinkafar biki?" ku ajiye cokulanku tukuna, ku gyara zama. Yau ba da dariya na zo ba. Na rubuta wannan shafi na goge ya fi a ƙirga, don duk ta inda na ɗauko maganar sai in tarar da kaina tsaye a tsakiyarta.

Wanda yau ya fara leƙowa, bari in ja shi a jiki. Mu 'yan Gatawa ne, rashin zaman lafiya ya kwaso mu ya zube a Sabon Birni, a wani gidan haya mai rumfar kara a tsakar gida. Wanda ya sace min zuciya kuwa sunansa Is'haƙa, mutumin Bafarawa, manomin gero kuma ɗan sa-kai. Su ne samarin da suka haɗa kansu suna sintiri a gari, suna raka motocin kasuwa tare da 'yan sanda, ba albashi ba komai sai addu'ar tsofaffi. A hanyar garin Isa na fara ganinsa, ranar da tayar motarmu ta fashe da tsakar rana a wurin da ba a son tsayawa. Kowa a motar yana salati, shi kuwa ya kafe babur ɗinsa, ya juya mana baya yana kallon daji har aka gama sa wata tayar. Ni da ya kamata in yi ta kaina, wai sai ga ni ina kallon ƙeyar mutum. Ku yi min dariya, na cancanta.

Tun ranar da ya fara zuwa zance Inna ta ɗaure fuska.

"Ɗan sa-kai?" ta ce, tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba. "Ke Sadiƙa, takaba kike marmari da ƙuruciyarki? Duk mazan garin ga ba ki ga na zama ba sai mai yini daji?"

"Inna, mutuwa ai ko bisa gado tana iske mutum."

"Ruhe min baki. Ni za ki yi ma wa'azi?"

Baba mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya bar mu muka yi ta yi har muka gaji don kanmu, sannan wata rana bayan la'asar ya yanke magana.

"A yi bincike. In anka iske yaron kirki na, ba ni hana ta. In anka iske akasin haka, kowa shi huta."

Kun san yadda bincike yake a wurinmu. Ba a shelarsa. Ana samun dattijon da saurayin bai san fuskarsa ba, ya shiga garinsu kamar mai wucewa, ya zauna wurin mai shayi, ya tsaya wurin mai faci, ya yi salla a masallacin unguwarsu. Yana hira yana tsinto labari: yaron yana salla? Yana jin maganar iyayensa? Su wa yake yawo da su? A gida yake kwana ko a waje? Haka aka yi wa Baba kafin a ba shi Inna, haka aka yi wa kakanninmu, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibu a ciki.

Inna ta so a tura wani maƙwabcinmu wanda na san ko waliyyi aka ba shi ya bincika sai ya samo masa tabo. Sai na yi wuf na riga ta.

"Baba, mi zai hana a tura Kawu Bawa? Is'haƙa bai taɓa ganinai ba."

Kawu Bawa yayan Inna ne, ciki ɗaya. A Burkusuma yake zaune, yana fatauci a kan babur tsakanin kasuwanninmu da na Nijar. Tun ina ƙarama shi ke shagwaɓa ni. Ba ya zuwa gidanmu hannu rabbana, ko cukwi ko dabino sai ya ƙunso min a bakin rawaninsa, kuma har na girma bai daina kirana 'yar gatan Kawu ba. Na san in ya je, da idon rahama zai duba. Inna ba ta da bakin ƙin ɗan'uwanta, sai ta harare ni kawai. Ranar har da 'yar rawata a ɗaki, ina jin na fi kowa wayo.

Baba ya ja min kunne: "Kada ki kuskura yaron ga shi ji." Na ce to, kuma na cika alkawari. Amma kun san zuciya, ranar kasuwar Bafarawa da safe, ranar da Kawu zai je binciken, sai da na tsokani Is'haƙa a waya.

"Yau ka sa riga mai kyau, ka riƙa gaida manya."

"Don mi?"

"Haka nan dai. Mahwarki na yi."

"Ke da mahwarkinki. Yau aiki gare mu cikin kasuwa, ki sa mu addu'a."

Na tura masa hoton zuciya na ajiye wayar, na yini ina murmushi ni kaɗai. Har atamfar da za ni sa ranar kawo gaisuwar iyaye na fito da ita daga ƙasan akwati, koriya mai zanen ganye, na yi mata guga na turara ta.

Bayan azahar ina ƙarƙashin rumfa ina tsinkar zogale, Inna tana dama fura, sai wayar ta yi ƙara. Na goge hannu a zanina na duba, sai ga saƙon Is'haƙa.

"Alhamdu lillahi, addu'arki ta ci. Mun kama informa cikin kasuwa. Kuma wallahi ni yaz zo nema. Duba ki gani."

Sai ga bidiyo ya biyo bayan saƙon. Informa, ga wanda bai san halin da muke ciki ba, shi ne mai zama cikin mutane yana kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da sa, da wanda ke tsare gari, da hanyar da zai bi. A ƙasarmu yau gara a kira ka ɓarawo da a kira ka da wannan suna.

Bidiyon yana rawa, mai ɗauka yana gudu. Ga rumfunan hatsi, ga mutane sun yi cincirindo suna ihu, wasu da duwatsu a hannu. A tsakiya ga wani dattijo cikin shuɗiyar riga, 'yan sa-kai sun kewaye shi, fuskarsa a rufe da rawani irin na masu doguwar tafiya a babur. Sai na ga Is'haƙa ya matso, ya kama bakin rawanin ya warware shi a gaban jama'a don kowa ya ga fuskar. Furfurar Kawuna ce ta bayyana, kansa ba ko hula.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga Inna a kaina. Ta karɓi wayar ta kalla, ludayin da ke hannunta ya faɗi cikin ƙwarya.

"Yaya Bawa! Inna lillahi! Yaya Bawa na!"

A bidiyon wani yana ɗaga wayoyin Kawu sama yana cewa ga layin Nijar, wani yana nuna sefa, kuɗin Nijar, da aka ciro daga aljihunsa. To ɗan Burkusuma mai fatauci da me zai yi yawo in ba su ba? Na ji muryar Kawu a hankali yana cewa, "Bincike naz zo yi, na aure." Aka bushe da dariya. Wani ya daka masa tsawa, "Ɗiyar wa? Hwaɗi sunanta in gaskiya kake!" Kawu ya dubi taron nan, samari da mahauta da 'yan kallo kowa ya ɗaga waya, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Ya ƙi ambaton sunana a tsakiyar kasuwa. Wannan shirun ne yake cin raina har yau, ya fi warware rawanin ciwo.

Nan take na kira Is'haƙa. Ya ɗauka da fara'arsa.

"Kin gani ko? Tun sahe shike yawo, wurin mai shayi, wurin mai hwaci, har liman yat tambaya. Wai su wa nike yawo da su, ina nike kwana, yaushe nike komowa gida…"

"Is'haƙa, Kawuna na."

"Mi kinka ce?"

"Kawu Bawa na, yayan Inna. Baba yat tura shi bincikenka."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ina jin numfashinsa.

"Sadiƙa, don mi ba ki hwaɗa min ba?"

"Ana hwaɗin bincike?"

Sai ya kashe wayar. Ni ma da nake tambayar, na san amsata ba ta da nauyi. Ni 'yar Gatawa ce, da idona na ga abin da informa ya jawo wa garinmu. Saurayina ɗan sa-kai ne, na fi kowa sanin yadda suke tsarguwa da baƙuwar fuska. Amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa tambayoyin mai binciken aure su ne tambayoyin informa, ba ragi ba ƙari. Baba bai hango ba, Inna ba ta hango ba, Kawu da ya fi mu yawon duniya shi ma bai hango ba. Mun ɗauko al'adar lokacin zaman lafiya mun aike ta kasuwar da kowa ke kallon kowa da wutsiyar ido. Garin gyaran gira muka rasa ido.

Ranar a ofishin 'yan sanda Kawu ya kwana. Washegari da sassafe Baba ya bi motar farko shi da mai unguwarmu. Maigarinsu Kawu ya yi magana ta waya ya shaide shi, Is'haƙa ya tsaya gaban jami'in ya ce kuskure ne, aka duba wayoyin ba a ga komai ba sai lambobin 'yan kasuwa. Aka ba shi haƙuri, aka mayar masa da kayansa, aka sallame shi. A wurin hukuma magana ta mutu.

Amma magana zarar bunu ce. Bidiyon kama shi ya shiga kowace waya daga Isa har bakin iyaka, sakinsa kuwa ba wanda ya ɗauka. Har a guruf ɗin ƙawayena na makarantar Islamiyya wata ta turo shi, ta rubuta a ƙasa, "Ku ga tsohon banza, Allah ya ƙara tona asirinsu." Na rubuta amsa mai tsawo, na goge, na fita daga guruf ɗin.

Gidanmu ya koma kamar gidan makoki. Inna ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai dai ta miƙo min tsintsiya ko tukunya ba tare da ta kira sunana ba. Is'haƙa yana turo saƙo safe da yamma: "Ki ba Inna haƙuri." "Wallahi ban sani ba." "Ko abinci ba ni iya ci." Ina karantawa in kife wayar. Ba fushi nake da shi ba, ban san da wa za ni yi fushin ba.

Jiya da hantsi muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Kawu Bawa ne. Ya shigo da sallamarsa kamar kullum, sai dai hula ce a kansa, ba rawani. Ban taɓa ganinsa a waje haka ba. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Inna ta tare shi da kuka, ya ce mata, "Haba Tani, mutuwa anka yi?" Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, Baba ya zauna gefensa. Ni kuwa na maƙale a bayan labulen ɗaki, kunya ta hana ni fitowa.

"Malam, kun aike ni, na zo in ba da saƙo," in ji Kawu.

"Haba Bawa, bar maganag ga. Wane saƙo kuma bayan abin da yaf faru?"

"A'a. Amana ta, sai na sauke ta." Ya gyara zama. "Kahin a kama ni na ji abin da naz zo ji. Mai shayi ya yabe shi, mai hwaci ya yabe shi. Liman ya ce sahun gaba shike salla. Gonar uwatai shi ka noma ta. Ba shi shan komi, ba shi bin kowa."

Inna ta share hawaye ta ce, "Yaya, yaron da yat tuɓe maka rawani gaban duniya?"

"Shi. Kuma abin da bidiyon bai nuna muku ba, da anka hwara jihwa shi yas sa bayanai yat tare min. Dutsen da anka auno kaina shi yas sama a kahwaɗa. Shi yac ce ba mai taɓa ni sai an kai ni hannun hukuma. Da wani na ba shi ba, da gawata kunka ɗauko. Aikinai yay yi, Tani. In da ni na tsare garin, baƙo yaz zo da tambayoyin da niy yi, da na kama shi." Ya juya wurin Baba. "Ku ba shi. Ban ga aibunai ba."

Jama'a, wannan ita ce kalmar da na yi ta roƙon Allah in ji. Ga ta ta zo, amma ko ɗigon daɗi ban ji ba.

"Ina 'yar gatan Kawu? Hito mana."

Na fito ina jan ƙafa, na durƙusa a bakin tabarma. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, kuka ya riga maganar fitowa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙullin dabino ya ajiye a gabana.

"Ke minene laihinki? Share hawayenki. Sai dai ranar ɗaurin aure kada ku jira ni. Za ni kwashe iyali mu ƙetara Nijar."

"Ƙetarawa kuma?" in ji Baba.

"Malam, ranar Juma'a na shiga sahu a masallacinmu, wanda ke damata yaj ja jikinai, wanda ke haguna yaj ja jikinai. Mutanen da munka tashi tare. Na kai kaya kasuwa, na yini ban ga mai taya ba. An ce an sake ni don na ba da cin hanci. Ni na tsuhwa da yawon rantse-rantse gida-gida." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Can ba wanda yas san bidiyo na."

Bai tsaya cin abinci ba. Inna ta raka shi har zaure, ta daɗe a can bayan ƙarar babur ɗinsa ta ɓace.

Da la'asar sakaliya Is'haƙa ya yi sallama a ƙofar gida, zuwansa na farko tun da abin ya faru. Na zaci Inna za ta ce a kore shi. Sai na ga ta ɗauko sabuwar tabarmarta da ba a shimfiɗa wa kowa sai babban baƙo, ta cika kwanon sha da ruwan randa, ta kai zaure da kanta. Ta dawo ta tsaya a kaina.

"Tashi ki tahi, an ba shi. Kin samu miji, ni na rasa ɗan'uwa."

Na zura hijabina ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Na same shi a zaune a gefen tabarmar kamar mai jiran hukunci, kafaɗarsa ta dama a ɗaure da ƙyalle a ƙarƙashin riga. Muka gaisa sama-sama.

"Kawu ya zo," na ce. "Ya ce a ba ka. Baba ya amince."

Ya ɗago kai da sauri, sai kuma ya ga fuskata, murnar ta gushe. Na faɗa masa maganar sahu, da ta kasuwa, da ta ƙaura. Ya rufe fuska da tafin hannunsa.

"Abu guda nike roƙo, Is'haƙa. Ran kasuwa mai zuwa ka tsaya inda kat tuɓe mai rawani, da kayan aikinka, ka hwaɗa ma jama'a kuskure kunka yi. A ɗauka a waya kamar yadda anka ɗauki wancan. In kai kaf faɗa za a yarda."

"Kin zaci ban yi tunanin haka ba? Tun ranar nit tahi wurin shugabanmu." Ya sauke hannunsa daga fuska. "Ya ce hukuma ta wanke shi, ya isa. Ya ce in munka tsaya kasuwa munka ce mun yi kuskure, gobe duk informan da anka kama cewa zai yi binciken aure yaz zo, kuma mai shayi ba shi ƙara kawo muna labari. Ya ce rayukan gari sun hi sunan mutum guda."

"Kai kuma mi kac ce?"

"Sadiƙa, ranar da nis shiga aikin ga Alƙur'ani nid dahwa. Na rantse ba ni hitar da maganar ƙungiya waje sai da izini. In na karya, hita za ni yi. Kuma kin san ɗan sa-kan da yah hita shi kaɗai, mutanen daji ba su mance huskatai ba."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi zafi. In ya yi shiru, Kawuna zai bar ƙasar haihuwarsa da sunan da ba nasa ba. In ya yi magana, na tura shi bakin kura da hannuna. Duk da haka bakina bai fasa ba.

"To ni dai ba a sa min rana Kawu shina gudun hijira saboda ni. Ba ni iya zama ɗakinka in riƙa tuna da wane farashi nis shigo."

"Kina nuhin kin hwasa?"

"Ina nuhin maganar tana hannunka."

Na ga leɓensa yana motsi kamar zai yi magana. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya ɗauka, na ji muryar wani yana cewa motocin Isa sun taru a tasha, 'yan sanda sun shirya, shi kaɗai ake jira kafin rana ta faɗi.

Ya miƙe tsaye. Ya dube ni, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Mata da yara na cikin motocin ga, Sadiƙa."

"Na sani. Allah shi tsare."

Ya sa takalmansa ya fita. Na zauna a zauren ina jin ƙarar babur ɗinsa tana nisa, ban samu e ba, ban samu a'a ba. Da na sunkuya in naɗe tabarmar sai na ga kwanon da Inna ta kawo masa da hannunta yana nan a cike, ko kurɓa bai yi ba.